Halina ne ba ya son aikin, ko tsoro ne ya hana ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a aji biyu a jami'a, sashen ƙididdiga. Harhaɗa magunguna na cike a JAMB, makina bai kai ba, aka jefo ni nan. Lissafi ba ya ba ni wahala, amma duk abin da ya haɗa da kwamfuta ko tsayawa gaban aji ba na sha'awarsa ko kaɗan. Na yi wani gwajin hali a waya, ya ce ni mai son kaɗaici ce, wai aikin ajiyar takardu ko laburare ne ya dace da ni. Kawuna kuma ya ce mace mai kunya irina koyarwa a makarantar 'yan mata ce kawai hanyarta. Shin da gaske halin mutum ne yake yanke masa aikin da zai so? Rashin yarda da kai yana da hannu a ciki, ko dai haka Allah ya yi ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Sau biyu na karanta saƙonki, a karo na biyun ne na ga wani abu da ƙila ke kanki ba ki lura da shi ba. Abubuwa biyun da kika ce ba kya sha'awa, kwamfuta da tsayawa gaban aji, duka ana yin su ne ido na kallo, in an yi kuskure kowa ya gani. Lissafin da ba ya ba ki wahala kuwa daga ke sai takarda da biro, in kin ɓata ki soke ki sake, ba wanda ya sani. Shekarun da na yi ina zama da ɗalibai a ofishin ba da shawara sun koya mini kada in yi saurin karɓar “ba na so”. Sau da yawa in ka ɗaga ta, abin da za ka tarar a ƙarƙashi shi ne “ina tsoron kada in kasa”. Ba kullum ba. Akwai ƙi na gaskiya, kuma zan nuna miki yadda ake rarrabe su. Amma bari mu fara da hali, tunda shi kika sa a gaba.

Wanda aka fi ambata a wannan fage wani Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan'adam, John Holland. Ya yi soja lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma cikin ayyukan da aka ba shi har da yi wa sojoji tambayoyi a kan karatunsu da sana'arsu don a san inda za a tura kowa. A nan ya fara lura cewa mutane suna da yawa, amma abin da ke jan hankalinsu bai wuce 'yan rukunai ba. A 1959 ya fitar da nazarinsa, wanda ya tsaya a kan rukuni shida. Akwai mai son aikin hannu da injuna da gona. Akwai mai son bincike da tono dalilin abu. Akwai mai son ƙirƙira, zane ne ko rubutu ko wata fasaha. Akwai mai son hulɗa da mutane don ya koyar ko ya yi jinya, da mai son jagoranci da ciniki da shawo kan jama'a, sai kuma mai son tsari, lissafin kuɗi da ajiyar bayanai, kowane abu a muhallinsa. Holland bai ce kowane mutum rukuni ɗaya ne ba. Kowa yana da rabo a duka shidan, sai dai biyu ko uku sun fi rinjaye, kuma wuraren aiki ma haka suke gauraye. Shi ya sa gwajin da ya tsara haruffa uku yake ba mutum, kowane harafi yana wakiltar ɗaya daga rukunan da suka fi rinjaye a kansa. Aikin mai ƙididdiga, alal misali, bincike da tsari ne suka fi yawa a cikinsa, in kuma a asibiti yake ko a hukumar lafiya, hulɗa da mutane ta shigo.

Wannan sha'awa ke nan. Shi kuwa hali, abin da masana suka fi yarda da shi a yau shi ne a auna shi ta fuska biyar: son sabon abu da zurfin tunani, himma da kiyaye tsari, son shiga jama'a da kazar-kazar, sauƙin kai da tausayi, sai saurin damuwa. Kowace fuska kamar sikeli ce, wani yana sama, wani yana ƙasa, akasarin mutane suna tsakiya. A 2002 Lisa Larson da Patrick Rottinghaus da Fred Borgen suka tattara binciken da aka yi a baya don su ga yadda waɗannan fuskoki biyar suke tafiya da rukunan Holland. Ke 'yar ƙididdiga ce, don haka zan ba ki alƙaluman yadda suke. A ma'aunin dangantaka, wadda ƙarfinta ke tashi daga 0 zuwa 1, son sabon abu da sha'awar ƙirƙira sun ba da 0.48. Son shiga jama'a da sha'awar jagoranci da ciniki 0.41. Son shiga jama'a da sha'awar hidimar mutane 0.31, son sabon abu da sha'awar bincike 0.28. Ki ninka mafi girman, 0.48, da kansa kamar yadda aka koya muku a aji, za ki samu kusan 0.23. Wato ko a inda dangantakar ta fi ƙarfi, abin da hali ya iya bayyanawa na bambancin sha'awa tsakanin mutane bai kai rubu'i ba. Sha'awar aikin hannu da injuna ma kusan ba ruwanta da fuskokin biyar. Hali yana karkata mutum, wannan gaskiya ne, amma kaso mafi tsoka yana wani wurin.

Gwajin da kika yi a waya, in irin mai ba da haruffa huɗu ne, kwaikwayo ne na wanda wata uwa da 'yarta, Katharine Briggs da Isabel Myers, suka tsara a shekarun 1940, wanda ke raba mutane gida 16. Aibinsa shi ne yana yanka sikeli biyu ya ce ko kina nan ko kina can. Wadda take kusa da tsakiya, in ta sake gwajin bayan 'yan makonni, tana iya faɗawa ɗaya ɓangaren alhali ba abin da ya canja a halinta. Masu gwajin na asali da kansu sun ce kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata, to balle kwaikwayonsa na kyauta da tallace-tallace ke gilmawa a tsakiya.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu. Irin waɗannan tambayoyi a Amurka da Turai aka ƙirƙire su, kuma akasari a kan ɗaliban can aka gwada su. Da Michael Gurven da abokan aikinsa suka kai ma'aunin fuska biyar ɗin wurin al'ummar Tsimane da ke dazukan Bolibiya, sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna fuskokin ba su fito biyar ba yadda suke fitowa a can. To ki duba irin abin da ake tambaya: kina fara yi wa baƙo magana? Kina jin daɗi idan hankalin taro ya dawo kanki? Yarinyar da ta tashi a gidan da ba a haɗa ido da babba, ba a tsoma baki in manya na magana, gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, dole ta amsa a'a, na'ura ta rubuta mata “mai son kaɗaici”. Je ki same ta a ɗakin kwanan ɗalibai ko a gidan biki cikin ƙawayenta, ita ce mai ba da labari ana riƙe ciki. Abu uku ne daban da muke cusawa cikin buhu ɗaya mu kira shi kunya. Akwai kunya ta tarbiyya, wadda hadisi ya ce tana daga imani, kuma ba ta hana kowa aiki. Na san likitoci mata da alƙalai masu ita. Akwai son kaɗaici na hali, wanda alamarsa ita ce ko cikin mutanen da kike ƙauna kika wuni, sai ki dawo a gajiye kina neman inda za ki keɓe. Sai fargaba, wadda ita ce kina so ki yi magana, amsar tana bakinki, amma ƙirji ya hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe. Ta farkon ado ce, ta biyun a zauna da ita lafiya, ta ukun ce ake yi wa magani. Ke kaɗai za ki iya faɗar wacce ta fi yawa a cikinki.

Ko da ta tabbata ke mai son kaɗaici ce, hakan ya fi nuna yadda za ki yi aiki a kan wane aiki za ki yi. Adam Grant ya bi diddigin masu tallar kaya ta waya su 340 a Amurka, ya wallafa a 2013 cewa waɗanda suka fi kawo kuɗi su ne na tsakiya, masu iya magana kuma masu iya yin shiru su saurara. Ko a talla ke nan, sana'ar da kowa ke cewa ta masu baki ce.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ki karanta a natse.

Yarda da kai da kike tambaya, mu a fagenmu ba ma ɗaukarta a dunƙule. Albert Bandura na Jami'ar Stanford, a 1977, ya ware wani abu da ya bambanta da ganin ƙimar kai gaba ɗaya: amannar mutum cewa zai iya wani takamaiman aiki. Zan riƙa ce mata yarda da iyawa. Ba ta zama ɗaya a kowane fage. Ke kina da ita a lissafi, ba ki da ita a kwamfuta. Tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba tana da ita ƙwarai a ciniki, ba mai yi mata wayo a kasuwa. Bandura ya kai ga wannan ne ta hanyar aiki da mutanen da tsoron maciji ya hana sakat. Ba wa'azi yake yi musu cewa macijin ba ya cizo ba. Mataki-mataki ake bi da su: mutum ya kalli wani yana riƙe da shi daga nesa, ya matso, ya taɓa akwatin, ya sa safar hannu ya shafa, ya cire safar, har a kai ga ya bar shi ya hau cinyarsa. Abin da Bandura ya gani shi ne yadda mutum ya auna kansa kafin mataki, zan iya ko ba zan iya ba, shi ke nuna ko zai taka. Wasunsu ma bayan an gama sai suka shiga tunkarar wasu abubuwan da suke tsoro waɗanda ba su da alaƙa da maciji.

Wasu mata biyu, Nancy Betz da Gail Hackett, suka ɗauko wannan suka kawo shi kan zaɓen sana'a a 1981. Sun ba ɗaliban jami'a 235 jerin sana'o'i 20, goma waɗanda maza suka fi yawa a ciki, kamar injiniya da akanta, goma na mata, kamar koyarwa a firamare da sakatariya, suka ce kowa ya faɗi ko zai iya karatun da aikin. Samarin suka ce za su iya na maza, za su iya na mata. 'Yan matan suka ce za su iya na mata, amma da aka zo na maza sai yardarsu ta faɗi ƙasa. Da aka duba makin da suka ci a jarrabawar shiga jami'a, na lissafi da na Ingilishi, ba wani bambancin kirki tsakanin samarin da 'yan matan. Ƙwaƙwalwa ɗaya, amma wasu sun riga sun soke rabin jerin da hannunsu.

Na ga wannan da idona. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa wurina da magana kusan irin taki, sai na ce ta bar ni in leƙa ɗakin kwamfutarsu ranar aikin gwaji. Su shida ne a kan kwamfuta ɗaya, kujera biyu. Samari biyu a zaune, ɗaya yana kan kibod, ɗaya yana riƙe da linzami. Ita tana tsaye a baya da littafi a kan hannu tana kwafar abin da ya fito a allo, saboda ita ce mai kyan rubutu, ita ke rubuta rahoton rukuni. Can aiki ya cije, jan rubutu ya cika allo. Ta sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, ta ce wa na kusa da ita an manta waƙafi a layi na tara. Ko bai ji ba, ko ya ji ya share. Aka yi ta lalube, bayan kamar minti goma wani ya gano waƙafin nan, aka yi ihu aka tafa masa. Zango biyu ta yi a haka yatsanta bai taɓa kibod ba, sannan ta zo tana gaya mini ita Allah bai sa mata son kwamfuta ba. Yaya za a yi ki so abin da ba ki taɓa yi ba, wanda duk lokacin da kika kusance shi sai a nuna miki wurinki a baya?

A 1994 Robert Lent da Steven Brown da ita Gail Hackett suka haɗa wannan duka a nazari ɗaya, kuma shi ne na fi aiki da shi. Sha'awar aiki, in ji su, tana tsirowa ne daga tambaya biyu da mutum ke yi wa kansa ko bai furta ba: zan iya kuwa? In na yi, me zai biyo baya? In amsoshin biyu suka yi daɗi, sha'awa ta tsiro, ta zama niyya, niyya ta kai ga gwadawa, gwadawar ta dawo ta ƙara wa yardar ƙarfi ko ta rage ta. Hali yana shigowa ne tun daga tushe, ta hanyar irin abubuwan da yake tura mutum ya gwada ko ya guje wa. Mai saurin damuwa, misali, ba wai wata sana'a daban yake so ba. Yana dai raina iyawarsa ne, kuma yana daɗewa bai yanke shawara ba. Da su Rottinghaus suka tattara rukunan bincike 60 a 2003, dangantakar yarda da iyawa da sha'awa ta kai 0.59, ta fi duk alƙaluman hali da na ba ki. Kin san dai dangantaka ba ta nuna wanda ya haifi wani, kuma a nan hanyar biyu ce: abin da kika iya kina son sa, abin da kike so kina yawan yin sa har ki iya. Amfanin sanin haka shi ne da'ira ce, ana iya shigarta ta ƙofar gwadawa ko sha'awar ba ta iso ba tukuna.

Bandura ya ce wurare huɗu yardar ke fitowa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi nesa ba kusa ba shi ne ki yi abu da hannunki ya yiwu. Na biyu ki ga wadda take kamarki ta yi. Kalmar “kamarki” ita ce mai nauyi a nan. Labarin attajirin da ya kafa kamfanin kwamfuta a Amurka ba zai yi miki komai ba, amma 'yar aji huɗu mai hijabi irin naki, mai magana a hankali irin taki, da kika ga ta tsaya ta kare aikin bincikenta gaban malamai, ita za ta motsa ki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ya sa 'ya'yan likitoci ke ganin likitanci abu ne na gida. Na uku maganar mutane, wadda rushewa ta fi iyawa a kan gini: “za ki iya” sau goma ba ta kai nauyin “ke dai ba kanki ba ne” sau ɗaya daga bakin malami ba. Na huɗu yadda kike fassara abin da jikinki ke yi. Bugun zuciya kafin a tsaya gaban aji kusan kowa na yin sa, har mu da muka shekara muna lacca. Wani ya ɗauke shi shiri, wani ya ɗauke shi shaidar cewa bai iya ba.

Ki haɗa da wani abin da ke samun 'yan aji ɗaya da aji biyu. Wadda ta saba zuwa ta ɗaya a sakandarensu ta shigo aji mai mutum ɗari biyu, rabinsu su ma na ɗaya ne a makarantunsu. Iyawarta ba ta ragu ba, abokan gwajin ne suka canja. Herbert Marsh ya yi nazarin wannan tun 1984, ya kwatanta shi da babban kifi a ƙaramin tafki da aka mayar babban kogi. Ga kuma ciwon rasa kwas ɗin da aka nema. Guraben likitanci da harhaɗa magunguna ƙayyadaddu ne, hukumomin da ke kula da sana'o'in ne ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, don haka masu maki mai kyau da yawa ba sa samu. Amma ɗalibi ba haka yake karanta abin ba. Abin da yake ji shi ne an auna shi an ga bai kai ba, sai ya shigo sabon sashen da kai a sunkuye. Kalmar da kika yi amfani da ita ma, “aka jefo ni”, ta faɗi haka.

Kada ki ɗauka yawan yarda da kai kullum alheri ne. Akwai yaron da tun yana firamare ake ce masa wannan da bakin nan lauya ne. Ya shiga sashen shari'a da ƙarfinsa, ya tarar shekara biyar ce ta karatun manyan littattafai da rubutu, ga makarantar horon lauyoyi a gaba, gardamar da yake so kuwa ɗan yanki ce ta aikin. Irinsu su ma suna zuwa ofishina, yawanci a aji uku, sun yi laushi. Yardar da aka gina a kan kirarin 'yan uwa ba ta jure jarrabawar farko. Wadda ake nema ita ce wadda ta yi daidai da abin da mutum ya taɓa yi, ko ta ɗara shi kaɗan don ta ja shi gaba.

Maganar kawunki kuma tana da suna a littattafanmu. Linda Gottfredson ta nuna a 1981 cewa yara suna fara soke sana'o'i tun suna shekara 6 zuwa 8 bisa wannan na maza ne, wannan na mata ne, daga 9 zuwa 13 kuma bisa wannan ya fi ƙarfin gidanmu, wannan ya yi mana ƙasa. Kafin a zo cike JAMB an riga an taƙaita jerin, ba tare da an gwada ko ɗaya ba. Ban ce ki raina shawararsa ba. Koyarwa aiki ne mai daraja, kuma makarantun 'yan mata suna matuƙar buƙatar malamar lissafi. Ƙila ma abin da ke ransa daban ne: aikin da zai bar ki kusa da gida, wanda zai zauna lafiya da aure da renon yara. Wannan damuwa ce ta gaske, ita ce tambaya ta biyun nan, me zai biyo baya, kuma gara a yi ta a fili. Sai dai hujjar kunya ba ta tsaya ba, domin malama kullum a gaban aji take, abin da kika ce kina gudu.

Ki kuma tambayi kanki me kike so a harhaɗa magungunan tun farko. In kimiyyar ce, yadda ƙwaya ke aiki a jiki, to bincike ne ke jan ki. In taimakon marar lafiya ne, hidimar mutane ce. In buɗe kantin magani naki ne, ciniki ne. In kuwa farar riga ce da yadda za a riƙa faɗa a dangi, ki yarda da hakan ma, ba laifi ba ne, amma ba sha'awar aiki ba ce. Biyun farko suna da ƙofa a inda kike. Ba maganin da ake sakewa kasuwa sai masu ƙididdiga sun tantance sakamakon gwajinsa. Florence Nightingale da aka sani da jinya, da alƙaluma ta nuna wa gwamnatin Ingila cewa cututtuka sun fi raunukan yaƙi kashe sojojinta a yaƙin Kirimiya, kuma a 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar. Nan gida ma, kafin a tabbatar a 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, shekaru aka yi ana ƙirga gidaje da yara unguwa-unguwa, ana bin alƙaluma don a gano inda rigakafi bai kai ba.

Ana cewa hali zanen dutse. Akwai gaskiya a ciki, domin wadda ta fi 'yan ajinsu shiru yau da wuya ta zama ta fi su surutu nan da shekara ashirin. Amma binciken da Brent Roberts da abokansa suka tattara a 2006 ya nuna tsakanin shekara 20 da 40 ne mutane suka fi canjawa: himma tana ƙaruwa, damuwa tana raguwa, ƙarfin tsayawa a faɗi ra'ayi yana ƙaruwa. Ita kuwa sha'awar aiki, wani nazarin na 2005 ya nuna tana yin kauri ne sosai daga shekara 18 zuwa 22, daga nan ta zauna kusan yadda take na tsawon shekaru. Wato yanzu ne simintin yake ɗanye. Abin da kika bari ba ki gwada ba a waɗannan shekarun, da wuya ki waiwaye shi daga baya.

To ga yadda ake rarrabe ƙi na gaskiya da tsoro. Ki ɗauki abin da kike cewa ba kya so, ki yi shi ƙarami, ke kaɗai, har sai kin iya shi daidai gwargwado, sannan ki tambayi zuciyarki. Ki ari kwamfutar hannu ko ki shiga ɗakin kwamfuta lokacin da ba kowa. Ki samo alƙaluma na gaske da kika damu da su: littafin adashin mahaifiyarki, ko sakamakon jarrabawar Islamiyyar unguwarku, ko farashin kwanon masara da za ki riƙa rubutawa duk mako. Ki zuba su a Excel, ki fitar da matsakaici, ki zana jadawali. In kin saba, ki sauke R, manhajar aikin ƙididdiga, kyauta ce, ki sake yin aikin a cikinta. Awa ɗaya, sau uku a mako, sati shida. Magana gaban jama'a ma haka: ki fara da koya wa ƙawaye biyu darasin da kika fi iyawa, sai biyar, sai ki karɓi minti uku a gabatarwar rukuni. In bayan kin iya kika ga har yanzu agogo kike kallo, aikin ba ya ce miki komai, to ƙin na gaskiya ne, ki girmama shi, ki je sashenku da wuri ki ji sharuɗɗan canjin kwas tun lokaci bai ƙure ba. In kuwa kika ɗaga kai kika ga an kira magariba ba ki sani ba, kin sami amsarki. Ɗalibar nan ta ɗakin kwamfuta haka ta yi. Aikin alƙaluma ya shige ta sosai. Tsayawa gaban taro kuwa har ta gama ba ta so shi ba, tana dai yi in ya zama dole, ta sauko ta sha ruwa.

Idan lokacin SIWES ya zo, shirin koyon aiki da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta faro tun 1973, kada ki nemi inda za a sa miki hannu a littafi kina gida. A rashin tayi akan bar arha. Ki nemi sashen adana bayanai na asibiti, ko ofishin ƙididdiga na jiha, ko wata hukumar lafiya, inda za a ba ki aiki a hannu ko da shigar da alƙaluma ne, ki kuma ga mata irinki suna yi.

Kafin nan, ranar aikin gwaji mai zuwa ki riga 'yan rukuninku isa da minti goma. Ki zauna a kujerar da ke gaban kibod, ki miƙa wa wani littafin rahoton. Bayan sati shida ki sake rubuto mini, ki faɗa mini abin da ya faru.